Hanyar Namtari a Shekarar Fari

Bana ruwa ya yaudare mu. Ya sauka sau biyu a farkon damina, mai ƙarfi, har kwatoci suka tumbatsa, mutane suka fita da murna suka zuba iri. Daga nan sai sama ta ɗauke kamar an share ta da tsintsiya. Kullum da hantsi nakan fito da kujerata ƙofar gida a nan Jimeta, in zauna ina kallon 'yar masarar da jikokina suka shuka a jikin katanga, ganyenta duk ya nannaɗe. Samari suna wucewa suna duba waya, suna cewa an ce jibi za a yi ruwa. Jibin ta zo ta wuce. Ni kuwa hankalina ba ya wurin. Yana can kan hanyar Namtari, a shekarar fari, lokacin da nake da ƙafafun taka keke.

Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ne. Komai a Maiduguri ake yanke shi, mu a Yola sai dai mu ji a rediyo ko a bakin direbobin manyan motoci. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kaya ba su gama dawowa kasuwa ba. Ni kuwa sabon malamin firamare ne a Jimeta, sabon ango kuma, ina haya da matata Asta. Gidanmu na asali yana Namtari. Baba ya rasu, saura Dada, wato mahaifiyarmu, da yayana Hamma Adamu da iyalinsa. Shi ke riƙe da gonar gado da 'yan shanun da Baba ya bari.

Keken ma na Baba ne. Baƙi, mai nauyi, kariyarsa ta baya tana ɗaukar buhu ba ta ko lanƙwasa. Hamma ne ya gaje shi, amma ranar da na sami aiki ya turo shi gabana ya ce, "Kai ne matafiyi yanzu." Shi ya koya mini hawa tun ina yaro, a yashin bakin rafi don kada in ji ciwo in na faɗi. Yana gudu a bayana yana ihu: "Umaru, sassauta hannunka! In ka shiga yashi kada ka danne kan keke, bar shi ya nemi hanyarsa. Kai dai kada ka daina takawa!"

Kowace Asabar bayan sallar asuba nakan hau in nufi gida. Hanyar jar ƙasa ce, wani wuri gargada har haƙora su riƙa haɗuwa, wani wuri yashi. A damina ta ƙwarai dawa kan rufe gefe da gefe, raɓa ta jiƙa maka wando, kana wuce mata masu tallan nono suna jere da ƙorai a ka. Sau da yawa ba ni kaɗai ba ne. Akwai abokin aikina Malam Istifanus, Kirista ne daga wajen Ganye, ɗan gajere mai yawan dariya. Yana da 'yar gona a Yolde Kohi, lokacin da wurin yake gonaki da bukkoki, ba gidajen bulon da suka cinye shi yanzu ba. Wani mako in taya shi noma, wani mako ya bi ni Namtari. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinsa. Dada tana jin daɗinsa ƙwarai, don in ya ci tuwonta sai ya ce, "Dada ya iya miya!"

Bazarar wannan shekarar ta fi kowace tsawo. Zafin Yola ba baƙon kowa ba ne, amma na bana, kamar yadda muke cewa a lokacin, ya wuce misali. In na jingine keke a rana na dawo, sirdin ba ya zaunuwa sai na shimfiɗa hula a kai. Rijiyar gidan hayarmu ta koma laka, Asta takan bar ruwan a tulu ya kwanta kafin ta tace da mayafi. Hadari kan taso da la'asar ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta kwashe jinkar mutane, a yi ta cida, sannan ya watse ba ko ɗigo.

Da ruwan farko ya sauka, ranar ina Namtari. Yara suka fita tsirara suna tsalle, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Washegari aka yi gayya. Hamma yana gaba da sungumi yana sara, ni da Istifanus da matar Hamma, Adda Mairo, muna biye muna jefa iri muna rufewa da dunduniya. Dada ta dama kunun tsamiya ta kawo bakin gona. Dawa ta fito, gyaɗa ta fito, layi-layi, kore shar. Ta kai kamar tsawon yatsa sai ruwa ya ɗauke.

Muka jira. Shuka ta yi yaushi, ta yi ja, ta kwanta. Da aka sake samun yayyafi muka sake shukawa, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Aka fita roƙon ruwa a filin Idi, manya da yara, riguna a juye. Su Istifanus ma suka yi nasu a coci. A watan da ya kamata Binuwai ya cika har jiragen ruwa su hauro Jimeta ɗaukar gyaɗa da auduga, sai ga tsibiran yashi a tsakiyar kogi, masu fito suna tura kwalekwale da gora. 'Yan dako suka yi ta zaman banza a bakin ruwa. A kasuwa mudun dawa ya fara gudu, albashi yana binsa a baya ba ya kamo shi.

Wata rana muna dawowa daga Yolde Kohi, inda muka tarar gonar Istifanus ta zama fili, iska ta taso mana ta gaba. Duk wanda ya taɓa taka keke a iskar gaba ya san abin: kana takawa kamar ana jan rigarka ta baya. Muka sunkuya a kan keke, muna karɓa-karɓa, wannan ya shiga gaba ya tare wa wancan, in ya gaji ya koma baya. Da muka tsaya shan iska a gindin wata tsamiya, Istifanus ya share gumi ya ce, "Malam Umaru, wuyana ya gaji da kallon sama. Ruwan da ya sauka bara, ina ya tafi? Ai yana wani wuri a ƙasa. Mu je mu nema shi."

Na ɗauka wasa yake yi. Amma daga ranar, in an tashi daga makaranta, sai mu hau kekuna mu bi bakin kogi da fadamu, muna tsayawa muna tona ƙasa da hannu. Mota ba za ta shiga inda muka shiga ba, mai tafiya a ƙasa kuma ba zai kai ba. Inda hanya ta ƙare mu saɓa keke a kafaɗa. A haka muka zagaya bayan garin Yola muka iso tafkin Njuwa. Ya ja baya sosai, masunta suna ta ƙorafi, amma inda ya janye ya bar baƙar ƙasa mai danshi, in ka luma yatsa sai ya fito da laka. Ƙanin Dada, Kawu Hamidu, yana da fili a wurin. Muka same shi a zaurensa muka gaishe shi.

"Malaman makaranta da noman lambu?" Ya dube mu ya yi dariya. "To, ƙasa ba ta tambayar takarda. Ku je ku kama daga bakin giginyar nan zuwa ruwa. Ku yi rainon masakwa, dawar rani, ita ba ta son ruwan sama, danshin ƙasa take sha. Kuma ka kira yayanka, filin ya ishe ku duka."

Asabar ta gaba na isa Namtari da wannan albishir. Na tarar da Hamma a bakin garke yana kallon shanu, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje. Na faɗa masa komai. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba.

"Shanun fa?" ya ce.

"A sayar da wasu, Hamma, tun suna da nama a jiki. Sauran a kai su kusa da tafki."

"In sayar da shanun Baba a kuɗin kaji? Ka je kasuwa ka ga yadda ake wulaƙanta su?" Ya girgiza kai. "Gonar nan tun kakanmu ba ta taɓa barin mu da yunwa ba. Ruwa jinkiri ya yi, zai zo. In na tafi Njuwa ya sauka a bayana, wa zai yi shuka?"

"Lokaci ya ƙure, Hamma. Ko ya zo yanzu dawa ba za ta kai ba."

"Kai ka je ka yi lambunka, Allah ya sa albarka. Ni a nan aka bar ni."

Bai faɗa da fushi ba. Hamma ba mai taurin kai ba ne a sauran al'amura, mutum ne mai sauƙi, mai barkwanci. Amma shi aka damƙa wa amana, yana gani kamar in ya matsa taki ɗaya komai zai zube. Dada tana jin mu daga bakin ɗaki. Da aka sami wani ɗan ruwa bayan haka, ya buɗe rumbu ya kwashe sauran irin da ya rage, wanda da an daka zai ciyar da gida kwanaki, ya shuka karo na uku. Na taya shi, don ba zan tsaya ina kallo ba. Ko tsiron kirki bai yi ba. Tsuntsaye da tururuwa suka raba.

Sai azumi ya kama, daidai lokacin da a shekarun ƙwarai ake fara cin sabon hatsi. Ba ruwa, ba inuwar gajimare, rana tun da safe kamar a bakin maƙera. In an tashi daga makaranta mu hau kekuna daga Jimeta zuwa Njuwa, leɓena a tsage, harshena kamar ɓawon itace. Mun dasa masakwa a layi, muna huda ƙasa da sanda mai tsini muna zuba ruwa kaɗan a kowane rami. Kusa da ruwa muka yi fangali na kuɓewa, yakuwa, alayyafo da albasa, muka kafa jigo. Istifanus ya ce ban ruwan tsakar rana nasa ne har a ga wata. In ƙishirwa ta kama shi sai ya zagaya bayan giginya ya sha, ya goge baki ya dawo, wai don kada in gani. Ranar Lahadi yana coci ni nake zuwa, ranar Juma'a shi.

Gwamnati ta kawo wata jar dawa daga waje ana rabawa, mai wari kamar ta daɗe a jirgi, tuwonta ba ya ɗauruwa. Ita Asta ke jiƙawa ta shanya ta surfa, mu raba biyu, rabi namu rabi na Namtari. Wata Asabar a tsakiyar azumi na ɗaura rabin buhu a kariya na kama hanya. Gonaki hagu da dama fayau, ba ka jin kukan tsuntsu, sai ungulu a kan mushen saniya. Na yi nisa, babu gari gaba babu gari baya, sai na ji fuuu, tayar baya ta kwanta. Na sauke kaya na ciro tub ɗin. Faci a kan faci ne, ba sauran inda gam zai kama, sabo kuwa ba a samunsa a Jimeta ko da kuɗinka. Na zauna a gefen hanya, rana ta take, yawu ya ƙafe. Na yi tunanin barin buhun, na tuna yaran Hamma. Na tashi na yi ta tsigar busasshiyar ciyawa ina murɗawa ina cusawa cikin taya, har ta yi tauri, na mayar. Keken ya riƙa dukan ƙuguna a kowane juyi, in ciyawar ta niƙe in sauka in ƙara. Ban yi sauri ba, amma na isa kafin rana ta faɗi.

Buɗa-bakin ranar ba ya fita a raina. Kunu ne tsararo wanda kana ganin gindin ƙwarya, sai ganyen tafasa da Adda Mairo ta dafa ta yayyafa ɗan ƙuli. Yaran suna ta lasar yatsu. Hamma ya kurɓi kunu kaɗan ya miƙa wa ƙaraminsu, ya ce ya ƙoshi. Sannan ya fita ya duba tayata, ya matsa ta da babban yatsa, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Wahala, Hamma."

"Ta fi ni iya koyarwa," in ji shi.

Kafin Salla shanu biyu suka faɗi, aka yanka su a kwance, naman ba ya ko ciwuwa. Bayan Salla wasu makiyaya suka shirya gangarawa kudu, wajen tsaunukan bayan Ganye, inda aka ce akwai sauran ciyawa. Hamma ya ce zai bi su da abin da ya rage. Na sake yi masa maganar Njuwa, na ce masakwa ta kama, ya zo ya gani da idonsa. Ya ce bakin tafki ya riga ya cika da shanun mutane, nasa ba su da ƙarfin turereniya, kuma gaskiya ya faɗa. A lokacin babu wanda ya san wace hanya ce mai ɓullewa. Kowa lalube yake yi. Na raka shi har bayan gari, sandarsa a kafaɗa, buta da tabarma a bayan wani bijimi. Ya ce, "Ka riƙe Dada. Da ruwan farko za ka gan ni."

Lambu ya yi. Ba mu yi arziki ba, amma ba wanda ya kwana da yunwa a gidajenmu uku. Kuɓewa da yakuwa suka fara fitowa, Asta da matar Istifanus suna kaiwa kasuwa suna musanyawa da gishiri da manja. Da rani ya yi nisa masakwa ta nuna, farar ƙwaya mai nauyi. Ranar da na kai buhun farko Namtari, Dada ta zuba hannu a ciki ta daɗe tana juyawa. Ta ce a ɗebi mudu a ajiye wa Adamu, bai taɓa cin tuwon noman ƙaninsa ba.

Yau in na bi ta Njuwa a mota ba na gane inda fangalinmu yake. Tafkin ya cike da ƙasa, giginyar babu ita. Istifanus ya yi ritaya ya koma garinsu, can ya rasu, ban sami zuwa jana'iza ba sai gaisuwa daga baya. Keken kuwa wani ɗan'uwa ya ara ya kai ƙauye, ban sake ganinsa ba. Abin da ya rage mini daga shekarar shi ne halin da ta bar mini: ban ƙara dogara da gona ɗaya ba, kuma in abu ya tsaya mini nakan tambayi kaina ko akwai ciyawar da zan cusa in ƙarasa. Sai dai duk wannan wayon bai dawo mini da kowa ba.

Damina ta gaba ta zo da wuri, ta zo da ƙarfi, kamar tana biyan bashin bara. Hamma bai iso da ruwan farko ba. Wani matafiyi ya kawo saƙon baki cewa shanu sun murmure, har ɗaya ta haihu, amma rafuka sun cika sun tare hanya, sai sun sauka zai taso. Muka yi shuka ba shi, da irin da Kawu Hamidu ya ba mu. Ni na riƙe sungumi. Dawa ta tashi ta wuce kan mutum, zangarniya ta fara sunkuyawa. Tsofaffin Namtari suka ce sun daɗe ba su ga gonar Baba ta yi irin wannan kyau ba.

Ana gab da girbi, ran nan ina cikin aji, aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga ɗaya daga cikin makiyayan da suka tafi tare, ya rame, yana tsugune a inuwar dalbejiya. Muka gaisa, ya yi ta jan gaisuwar. Sannan ya ce zazzaɓi ne ya kama Hamma, na kwana kaɗan, a wata ruga a gindin dutse. Sun yi masa sutura, sun binne shi a can. Shanun suna hanya, wani yana koro su.

Na shiga na gaya wa hedimasta, na ɗauki keke. Istifanus ya ce zai bi ni, na ce a'a. Ranar sararin sama garau, an yi ruwa da safe, yashin hanya ya kwanta ya yi tauri, iska tana bayana tana tura ni. Na sami sabon tub tun da rani, taya cike take. Tunda nake bin hanyar ban taɓa jin ta da sauƙi haka ba, keken kamar shi ke tafiya da kansa. Na rage takawa, duk da haka yana gudu. Da na hango rumbunan Namtari sai na ja birki na sauka. Na kama kan keken ina turawa a hankali, dawa tana kaɗawa a gefena, har na shiga gari.

Dada tana ƙofar gida tana tsince wake a faifai. Ta ɗago ta gan ni tun daga nesa. Ba ranar Asabar ba ce. Ta dubi fuskata, ta dubi tayar gaba, ta dubi ta baya.

"Keken ya lalace ne, Umaru?"

"Lafiyarsa ƙalau, Dada."

Ta ajiye faifan a ƙasa a hankali, don kada waken ya zube. Ta gyara mayafinta, ta ce, "To shigo daga ciki. Kada ka faɗa mini a waje."